Amsa: Ƙungiyar da ta fi kowa tsaron gida a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko an taɓa samun ƙungiyar ƙwallon kwando da tsaro kaɗai ya kai ta ga kofi. An samu kuwa, Detroit Pistons ta 2004.

A watan Maris na shekarar, wasa biyar a jere suka hana abokan karawa kai maki 70: Portland, Denver, Seattle, Chicago da Philadelphia. A wasa na shida, 'yan New Jersey Nets sun riga sun sha kashi, amma saboda gudun abin kunya sai suka yi laifi da gangan a daƙiƙun ƙarshe don ƙwallo ta dawo hannunsu, suka jefa guda da kyar suka kai 71. Ka ji fa, an lallasa mutum amma yana murnar ƙwallo ɗaya!

Sirrin, a ganina, zuwan Rasheed Wallace ne a watan Fabrairu. Da ya haɗu da Ben Wallace a ƙarƙashin kwando, sai na gaba irin su Chauncey Billups suka samu damar manne wa mutum kamar kaska, don sun san ko an wuce su akwai katanga a baya. Ga Tayshaun Prince da dogayen hannuwa, wanda ya taso daga nesa ya doke ƙwallon Reggie Miller na Indiana Pacers tana dab da shiga.

A jerin wasannin ƙarshe na cin kofi suka ci Los Angeles Lakers ta su Shaquille O'Neal da Kobe Bryant wasa huɗu da ɗaya, a wasa na uku ma 68 kacal suka bar musu. Bayan wannan kakar NBA ta tsaurara dokar dafa ɗan wasa da hannu, shi ya sa yanzu da wuya ka ga irin wannan.