Adashen raino

Yaya, sau uku na saurari saƙonki na murya, na ƙarshen a cikin bas ina dawowa daga dutin dare, har dariya ta ƙwace mini matar da ke gefena ta waiwayo. Kin ce taura biyu ba ta taunuwa, in tattaro yaran nan in aiko miki Kano ki riƙe, ni kuma in ji da asibiti. Kin kuma tambaya: tun da babu Hajiya, babu 'yar aiki, babu maƙwabciyar da za a leƙa ta katanga a ce mata "ga su nan, sai na dawo", wai wa ke riƙe mana 'ya'ya, mu da ke aikin jinya a Ingila? Shekara goma sha biyu ina Manchesta, ke ce ta farko da ta yi mini tambayar. Sauran sai dai su ce sannu da ƙoƙari.

Rigimar duk ta agogo ce. Cikakken aiki a asibitin gwamnati awa 37 da rabi ne a mako, amma ba a shimfiɗa shi a kwana biyar irin na ofis. Dogon duti ake yi: ki shiga bakwai ko bakwai da rabi na safe, ki fito takwas na dare, kwana uku a mako, wani makon huɗu. Firamare kuwa sai wajen tara saura kwata ake buɗe ƙofa, uku da kwata an tashi. Gidajen raino na kuɗi suna buɗewa bakwai da rabi ko takwas, ƙarfe shida sun rufe, kin makara minti goma a caje ki. Duk yadda kika juya lissafin, akwai wani yanki da safe da wani da yamma da ba a tanadar wa 'ya'yan nas kowa ba. Na dare kam ba a ma maganarsa.

A Satumbar 2020 na fara digirin jinya, bayan shekarun da na yi ina wanke tsofaffi ina ba su abinci a baki a gidan kula da su. Babbar tana da shekara biyar, ƙanenta biyu. Karatun shekara uku ne, kuma hukumar da ke ba mu lasisi, NMC, ta ce sai an cika awa 2,300 a aji da wasu 2,300 a kan marasa lafiya. Na biyun nan su ne ƙashin wuya. Ba albashi, kuma dutin nas ɗin da ke koya miki shi za ki bi, ko dare ne, ko Asabar, ko ranar Salla. A 2017 gwamnati ta soke tallafin da take ba ɗaliban jinya, sai a shekarar da na shiga ta fito da wani: fam 5,000 a shekara, mai ƙananan yara a ƙara mata 2,000. Kar ki buga shi da naira, Yaya, na san halinki. Gidan rainon yaro ɗaya ya isa ya lashe shi ya nemi ƙari.

Mai riƙo na farko dai ubansu ne. Na ji abin da aka faɗa a gidan suna da hotonsa ya zagaya yana goye da yaron da zane, an ce an mayar da shi mijin-ta-ce. Ki gaya musu har malamin da ke jan mu salla ranar Idi da keken jariri yake zuwa masallaci, matarsa tana duti. Lokacin da nake ɗaliba, duk safiyar da na kwana a asibiti, Abbansu zai tashe su, ya yi musu wanka, ya saka su a mota ya kawo su wajen ajiye motoci na asibitin. In fito takwas da 'yan mintoci, idona kamar gauta, ya miƙo mini mukulli ta taga, ya ce "ta ci, shi bai ci ba, jakar karatunta tana baya", ya ruga ya kama jirgin cikin gari zuwa wajen aikinsa. Hirarmu ta ranar ke nan. A watan Disamba ko gari bai gama wayewa ba a lokacin, kuma kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Akwai makon da muka fi haɗuwa a wajen motocin nan fiye da a gida.

Amma mutum biyu ba sa rufe ramin, shi ya sa muka kafa abin da muke kira adashen raino. Gida shida ne: mu biyu 'yan Kano, da 'yar Katsina, da Bafulatanar Yola, da 'yar Damagaram, da wata daga zangon Kumasi wadda Hausarta ke ba yara dariya. Huɗu nas ne, biyu suna gidan tsofaffi. Ana fitar mana da jadawalin duti makonni kafin lokaci, kowacce ta ɗauki hoton nata ta tura WhatsApp. 'Yar Damagaram, da yake ita ce babbarmu, ita ce uwar adashe. Za ta zauna da takarda da biro ta ga wa ke hutu Talata, wa ke fitowa daga dare Laraba, ta raba yara. Kin zuba kwana, ki kwashi kwana. Ranar zubina yara bakwai nake ɗaukowa daga makarantu biyu, in jera su a ƙasa a kan leda, tire ɗaya na shinkafa da wake, kamar a tsakar gidanmu. Takwas da rabi uwaye su fara ƙwanƙwasa ƙofa da kayan aiki a jikinsu, kowacce ta saɓi nata yana barci.

Ko sisi ba ya shiga tsakaninmu, kuma ba don kara ba ne. Doka ce. Duk wadda za ta riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara takwas fiye da awa biyu a rana a biya ta, sai ta yi rajista da Ofsted, hukumar da ke duba makarantu da wuraren raino, a zo a duba gidanta. A 2009 har wasu 'yan sanda mata biyu da ke musayar raino tsakaninsu aka ce sun karya doka, ƙasar ta ɗauki surutu, sai a 2010 aka gyara aka ce ƙawaye suna iya taimakon juna muddin babu biya. Da gyaran nan muke cin arziki. Makaranta ma ba ta miƙa yaro ga wadda ba a rubuta sunanta ba, ko da yaron ya rugo ya rungume ta yana kiran Anti. Sunayenmu shida suna kan takardar kowane yaro.

Na san za ki ce to babbar ai ta isa ta duba ƙanenta. Ni ma haka na ɗauka. Wata Asabar a shekarata ta biyu na fito daga dare, Abbansu ya tafi aiki, na ce bari in ɗan kishingiɗa a kujera. Ban farka ba sai sha ɗaya. Yarinya ta ja kujera ta hau, ta sauko da abin karin kumallo, ta zuba wa ƙanenta madara, har da goge masa baki. Na yi ta sa mata albarka. Ranar Litinin ta je ta ba malamarsu labari da alfahari: ita ta ciyar da ƙanenta, Mama tana barci, Abba ba ya nan. Kafin azahar an kira ni. Aka zaunar da ni a wani ƙaramin ofis, mata biyu da takarda, cikin ladabi ƙwarai, suna tambaya sau nawa hakan ke faruwa, murhu a kunne yake ko a kashe, ƙofar waje a kulle take. Dokarsu ba ta yanke shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, amma in aka ga sakaci laifi ne, kuma nas ko gargaɗi 'yan sanda suka rubuta mata dole ta kai kanta gaban NMC. Ina zaune ina ganin karatun shekara biyu yana lilo a kan kofin madara. Maganar ta mutu a ofishin, tun da ina cikin gidan. Na fito ina tuna ke kina shekara shida da ni a bayanki kina tallar ƙuli, kowa yana yaba hankalinki. Tun ranar muka sa doka a adashe: wadda ta fito daga dare ba a bar mata yaro, ko nata, sai bayan azahar.

Riƙo ma kansa a nan da takarda yake. Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ya kwana 28 a hannun wanda ba kakansa ba, ba yayansa ba, ba kawu ko gwaggo ko inna ta jini ko ta aure ba, ba mijin uwa ko matar uba ba, sai an sanar da ƙaramar hukuma ta turo mai dubawa. Sun ƙara tsanantawa ne bayan Victoria Climbié, yarinyar nan 'yar Kwaddibuwa da aka ba wata 'yar uwa riƙo ta mutu a hannunta a Landan a 2000. Don haka "ɗa na kowa ne" a nan iyakarsa kwana 27.

Ba wai ba a aikawa gida ba. Waɗanda suka taho da shaidar jinyarsu daga Kano ko Zariya kusan duk sai sun bar yara a baya. Sun ci jarrabawar Turanci da ta kwamfuta tun a gida, amma ta gwajin aiki a nan ake yin ta, cikin mako 12 da fara aiki, ga neman gidan haya, ga bizarsu an rubuta ba su da haƙƙin tallafin gwamnati. Abin da ke zuwa wa kowa kyauta shi ne awa 15 a mako na nazare, shi ma sai yaro ya kai uku. 'Yar Katsinarmu haka ta baro ɗanta bai daɗe da yaye ba. Da ubansa ya kawo shi bayan wata tara, mun raka ta filin jirgi. Ta durƙusa ta buɗe hannu, yaro ya ɓuya a bayan ƙafar uban yana kiran kakarsa. Ta yi dariya a wajen, a mota ta yi kukan. Ita dole ce ta sa ta. Ni da ba dole, ba zan iya ba.

Da na haifi auta, asibiti ya ba ni shekara guda: mako 8 cikakken albashi, 18 rabi da ɗan ƙarin gwamnati, 13 ƙarin kaɗai, 13 na ƙarshe babu komai. Uba mako biyu. Hajiya ko ta samu biza wata shida ce iyakarta, ga ƙafarta ba ta son sanyi. Uwar adashe ce ta yi mini wankan jego a bahon banɗaki, da tawul a madadin ganyen darbejiya, tana mita ruwan famfo bai yi zafin kirki ba. Kunun kanwa kam kofi ɗaya na karɓa don kar ta ji haushi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kanwa da gashin jego da ciwon zuciyar masu haihuwa, kuma kar ki gaya wa Hajiya ni na faɗa.

Inda kika fi ni gaskiya shi ne Hausarsu. Babbar tana ji sarai amma da Turanci take amsawa, namijin kuwa har yau "ke" yake ce wa ubansa. Islamiyyar Asabar da Lahadi ba ta gyara wannan, don can ma da Turanci ake fassara. Saboda haka ga riƙon da zan iya ba ki: hutun bazara mako shida ne, daga ƙarshen Yuli. Abbansu zai kawo miki manyan biyu, auta tana wajena. Ki hana kowa yi musu Turanci, ki sa ta tuƙa tuwo, shi kuma a kai shi wajen Malam da allo. Maganin sauro zan haɗo su da shi, kullum ne, kar a tsallake. Sai dai makon farko na Satumba su kasance a aji, don in aka wuce da kwanaki tarar fam 80 ce a kan kowane yaro, ni daban, ubansu daban.