Macen da ta yi furen namiji, me za ta haifa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun ilimin tsirrai. An koya mana cewa tabar wiwi tana da mace da namiji daban, kamar dabino. Sai kuma na ji wai masu bincike kan sa macen ta fitar da furen namiji, ta yi wa kanta barbara, ta ba da iri. Yaya hakan ke yiwuwa, kuma irin da aka samu zai fito daidai da uwarsa?

Amsa: Abin da aka koya miki gaskiya ne, abin da kika ji ma gaskiya ne. Wannan tsiro yana da kuromosom 20, wato ƴan zaruruwan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin halittarsa. Biyu daga ciki su ke riƙe da jinsi: mace XX, namiji XY, irin tsarin da ke jikin ɗan Adam. Namijin kan fitar da ƙananan furanni masu reto, kowanne da ƴan jakunkuna biyar, idan sun fashe sai bununi ya tashi kamar ƙura, iska ta kwashe. Macen kuwa furenta a lafe yake, gashi biyu farare sirara kawai za ki gani sun leƙo suna jiran abin da iska za ta kawo.

Sai dai kuromosom ba shi kaɗai ke yanke hukuncin kamannin fure ba. Akwai sinadaran da tsiro ke sarrafawa a jikinsa, babba a nan shi ne etilin, iskar nan da ke nunar da ayaba da mangwaro. Etilin na tura fure ya zama na mace. Idan aka toshe hanyar da tsiron ke jin sa, sai macen ta fara fitar da furen namiji. Mohan Ram da Sett na Jami'ar Delhi a Indiya sun nuna haka a 1982 da sinadarai masu azurfa, kuma bununin da suka samu mai rai ne, yana iya ba da iri. Ko ba hannun mutum ma hakan kan faru, idan tsiro ya sha wahala ko aka dagula masa tsawon dare da rana.

To ga inda nake so ki tsaya da kyau. Furen ne ya sauya, kuromosom ɗin ba su sauya ba. Macen da ta yi furen namiji har yanzu XX ce daga saiwa har ganye. Kowace ƙwayar bununinta X take ɗauke da shi, domin ba ta da Y da za ta bayar. Ƙwan da ke cikin furen mace shi ma X ne. X ya haɗu da X, sai mace. Shi ya sa irin da aka samu ta wannan hanya mata yake fitarwa kusan gaba ɗaya. A Amurka, bayan dokar noma ta 2018 ta halatta nau'in da sinadarinsa mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, irin wannan iri ya yi daraja wajen masu noma don CBD, wani sinadarin tsiron da ba ya bugarwa, saboda namiji ɗaya kan iya cika gona da ƴaƴa ya rage musu amfani.

Rabi na biyu na tambayarki shi ne inda ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, kuma ba na son ki shiga jarrabawa da wannan kuskure. Suna ɗauka tunda uwa ɗaya ce ta ba da ƙwai ta ba da bununi, ɗiyar za ta zama ita sak. A'a. Wanda ke fitowa sak shi ne reshen da aka yanka aka dasa, kamar yadda ake dasa rogo ko rake. Iri kuwa sai an sake raba gado. Uwar tana da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwarta ɗaya daga ubanta, kuma sau da yawa sun bambanta. A duk wurin da suka bambanta, rabin ƴaƴan za su gaji bambancin, sauran rabin su sami kwafi iri ɗaya sau biyu. Don haka za ki ga wata doguwa, wata gajera, wata ta riga ƴan uwanta fure.

Wannan haɗuwar kwafi iri ɗaya ita ke jawo rauni. Tsiron da ya saba karɓar bununi daga nesa yana ɓoye lahani da yawa a ƙarƙashin kwafi mai lafiya. Barbarar kai takan tono su. Bambancin gado na raguwa da rabi a kowane zubi: 50 cikin ɗari, sai 25, sai 12.5. Masara ma haka take, George Shull ya nuna hakan tun 1908: idan aka yi ta zuba wa gemunta bununin kanta, kara na gajarta, zangarniya na ƙanƙancewa. Wake da gyaɗa ba sa damuwa, domin dama can da kansu suke barbara. Saboda haka masu kyautata iri kan zuba bununin macen da aka juya a kan wata macen daban wadda ba danginta ba. Ƴaƴan duk mata ne, ƙarfinsu kuma bai karye ba. Barbarar kai sai idan ana neman tsayar da wani hali a zuri'a.

A Najeriya shuka wannan tsiro laifi ne mai tsanani, hukumar NDLEA ce ke kama masu yi, kuma sunan bincike ba zai kare ɗalibi ba. Idan aikin gwaji kike nema, ga gurji da kokwamba, etilin na juya jinsin furensu ta wannan hanya. Ga kuma gwanda, wadda namijinta wani lokaci kan ba da ƴaƴa masu rataye a dogon sanda. Ki shuka ƙwayoyin ɗaya daga cikin waɗannan ƴaƴan gwanda, ki ƙirga jinsin abin da ya fito.