Amsa kan yadda ake gano bakteriya a jikin kawa

Ɗan uwa ka tambaya ko da ido ko da hanci mutum zai iya gane kawar (dabbar ruwa mai ɓawo da ake ci) da ta ɗauki ƙwayoyin cuta, gaskiya a'a, kawa tace ruwa take yi ta ci, to duk dattin da ke ruwan yana taruwa a cikinta, kuma zaka ganta lafiya lau ba wari ba komai. Sai dai lab.

A can abin da suka fi nema shi ne E. coli, wata bakteriya da ke zama a hanji, don shi ke nuna najasa ta shiga ruwan. Ana markaɗa naman da ruwan cikin ɓawon, a zuba a jerin kwalabe, a ajiye a ɗumi, sannan a ƙiyasta yawansu, hanyar da ake cema MPN kenan. A Tarayyar Turai ma'aunin aji na farko, wato mafi tsafta, shi ne E. coli 230 cikin giram 100 na kawa, in ya haura sosai sai an tsaftace kawar a ruwa mai kyau kafin a sayar.

Amma fa inda nake so ka kula, E. coli baya nuna maka Vibrio, wata bakteriyar daban mai sa cuta, shi wannan ɗan asalin ruwan teku ne, yana ƙaruwa lokacin zafi ko da ruwan ba najasa. Shi ana shuka shi a faranti mai suna TCBS, nau'insa da ake cema parahaemolyticus ya fito kore, nau'in da ke kawo kwalara ya fito rawaya. PCR, wato gwajin da ke neman DNA ɗin ƙwayar, ta fi sauri nesa ba kusa ba, cikin awanni, matsalarta tana iya kama har matacciyar ƙwaya, shi yasa ni nafi yarda a haɗa biyun.