Amsa ga Malama Mai Tambaya Kan Buga Littafi

Malama, kin ce kin gama rubuta labarinki amma kuɗin buga shi a takarda ya fi ƙarfinki, kina tambaya ko ki sake shi a intanet. Ni dai shawarata, ki sake shi.

Nan Abuja na ga yadda tsadar takarda ta sa marubuta da dama suka ajiye rubutunsu a akwati. Yanzu kuwa masu karatunmu suna cikin waya. Mata da yawa suna fara ɗora babi-babi kyauta a Wattpad, dandalin karanta labarai a intanet, in labarin ya kama mutane sai su buɗe rukunin WhatsApp ko Telegram na masu biya. Ba dillali a tsakani, kuɗi kai tsaye zuwa asusu.

Abin da ke ci mini rai shi ne sata. Mutum ɗaya ya saya, kafin gari ya waye ya tura wa rukuni goma. Don haka ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ki kuma sanar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka. Dokar kare haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta haɗa da abin da ake ɗorawa a intanet. Kada kuma ki dogara da dandali ɗaya. OkadaBooks, wani dandalin sayar da littattafai a intanet, ya rufe a ƙarshen 2023, marubuta suka koma neman sabon gida.

Don Allah ki samu mai tace miki rubutu, ya duba ƙ, ɗ da ɓ kafin ki saki. Allah Ya sa albarka.