Tambayoyi da Amsoshi: Idan Injin CNC Ya Ƙi Canza Baki

Wannan makon mun ɗan ajiye waya da laftof mun leƙa shagon kafintoci, domin saƙonni sun taru kan injin sassaƙa katako na CNC, musamman mai canza baki, wato ƙarfen da ke sassaƙar, da kansa. Shi ma kwamfuta ce ke tuƙa shi, don haka yana cikin hurumin wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da injin CNC ɗan Chana, samfurin 1325, mai baki takwas a jere a bayan tebur. Kwanan nan idan ya je ajiye baki sai ya tsaya cak, ya fito da jan rubutu cewa holda, wato ƙarfen da ke riƙe baki, ba ta saku ba. Da safe lafiya lau yake aiki, sai rana ta take ya fara. Mai gyara ya ce allon kwamfutar ne ya lalace, in yi odar sabo. Daga wani kafinta a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kada ka yi odar komai tukuna. Allon da ya lalace bai san safe ba, bai san rana ba.

Bari in fara da abin da yawancin masu injin nan ba a taɓa yi musu bayaninsa ba. A cikin sifindil, wato motar da ke juya baki, akwai wata sanda mai jan holda sama, kuma jerin sifirin masu ƙarfi ne ke riƙe da ita. Sifirin ke kamawa, iska ke saki. Shi ya sa ko an ɗauke wuta holda ba ta faɗowa. Idan za a canza baki, kwamfuta tana buɗe bawul, iska ta tura fistin, fistin ya danne sifirin ɗin nan, sannan holda ta saku. Galibin sifindil masu holda samfurin ISO30, na kamfanin HSD ɗan Italiya da na Chana da aka yi a kan tsarinsa, suna son iska mai matsi 6 zuwa 7 a ma'aunin bar. A wasu geji za ka ga 0.6 zuwa 0.7 MPa, a wasu kuma kusan 87 zuwa 100 psi, duk abu ɗaya ne. Idan matsin ya gaza, fistin zai taho rabin hanya ya tsaya, sensa ba za ta shaida cewa an saki ba, kwamfuta ta jira 'yan daƙiƙu, ta tsayar da aiki.

To me ke canzawa da rana a shagonka? Yara sun fara feshin fenti, wani na harba ƙusa da bindigar iska, wani na hure ƙura daga rigarsa, duk a kan kwamfresa guda. Ga gwajin da nake so ka yi. Ka tsaya gaban gejin da ke jikin injin, ba na jikin kwamfresa ba, ka sa wani ya ba da umarnin canza baki, ka zuba wa allurar ido. Na taɓa tsayawa haka a wani shago: allura na kan 6.5, ana buɗe bawul ta zame zuwa 4, ta daɗe kafin ta farfaɗo. Mai shagon ya yi wata biyu yana zargin kwamfuta, ashe tiyo ne siriri mai tsawon gaske aka ja daga bayan gida. Da muka sa tiyo mai kauri, muka ajiye ƙaramin tankin iska kusa da injin, maganar ta mutu a ranar.

Sai ruwa. Duk kwamfresa tana tara ruwa, musamman da damina. Ka kwance ɗan famfon da ke ƙarƙashin tankin. Idan an daɗe ba a buɗe ba, za ka ga ruwa ja kamar shayi yana tsartuwa, haɗe da tsatsa da mai. Wannan ruwan ne ke bin tiyo ya shiga bawul ya sa shi sanƙarewa, daga nan ya wuce cikin sifindil, inda ɓarnarsa ke da tsada ƙwarai. A zubar da shi kullum kafin a tashi daga aiki, a duba kofin matatar da ke jikin injin, kuma wanda ke da hali ya sayi na'urar busar da iska. A ganina ta fi kowane kayan ado da ake ƙara wa injin amfani.

Idan iska ta cika kuma busasshiya ce amma matsalar na nan, sai a koma kan bawul. Yawancinsu suna da ɗan maɓalli na gwaji a jiki. Ka tabbatar sifindil a tsaye take, ka riƙe holdar da safar hannu, ka danna. Idan ta saku da ƙarar "fush" mai ƙarfi, bawul da fistin lafiya suke, sai a bi wayar wuta mai volt 24 da ke zuwa naɗin wayar bawul ɗin. Allon kwamfuta shi ne na ƙarshe a layi.

Tambaya: Malam, nawa injin yana ɗaukar baki daidai, ina gani da idona, amma sai ya ce ba a kulle ba, ya ƙi juyawa. Yarona ya ce zai haɗe wayoyin sensar mu ci gaba da aiki, don muna da ƙofofi goma sha biyu da za mu bayar. Daga Kaduna.

Amsa: Oga, na roƙe ka, ka hana yaron nan. Na san zafin mai kaya idan ya tsaya a bakin ƙofa, amma sifindil ɗin nan tana juyi har sau 24,000 a minti ɗaya. Holdar da ba ta zauna sosai ba, idan ta kuɓuce a wannan gudun, ƙarfe ne mai kaifi zai tashi a cikin ɗakin da mutane ke tsaye. Sensar nan ita kaɗai ce ke tsakanin yaranka da wannan.

Kuma sau da yawa gaskiya take faɗa. Ido ba ya ganin bambancin rabin milimita, ita tana gani. Ka cire holdar ka haska tocila cikin ramin sifindil. Garin katakon MDF yana da laushi kamar hoda, ga ƙurar hunturu a kai, sai su haɗu da danshin iska su yi kanta a jikin ramin, holda ta kasa shigewa har ƙarshe. Ka goge ramin da jikin holdar da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ka ɗan jiƙa shi da sifirit. Kada ka sa takardar yashi, kada ka kankare da ƙarfe. Sannan ka duba ƙusar da ke saman holda, wadda sandar ke kamawa: idan ta ɗan kwance ko kanta ya cinye, kamun ba zai cika ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane mai laifi. Ka gwada holda uku ko huɗu da hannu. Idan guda ɗaya ce ke kawo jan rubutu, ita ce. Idan duka ne, ka buɗe shafin da kwamfutar ke nuna siginar da ke shigowa, kwamfutocin injin na Syntec da Weihong duk suna da shi, ka sa holda ka cire kana kallon alamar. A sifindil irin na HSD, S1 ce ke cewa an kulle, S2 kuma an buɗe. Idan alamar ba ta motsi sam, ko tana ƙyaftawa idan ka girgiza wayar, to waya ce ta karye a cikin sarƙar da ke jan wayoyi, ko sensar ta mutu. Saita ta yana da ƙa'ida a littafin sifindil, ba aikin kintace ba ne.

Tambaya: An ɗauke wuta injina na tsakiyar canza baki. Da muka tada janareta, na ce ya ɗauko na 3, sai ya tafi ajiye na hannunsa a gurbin da ke da wata holda, ya fasa maƙalin da ke riƙe holda a gurbin. Daga Jos.

Amsa: Sannu da wannan. Injin ba ya ganin abin da ke bakinsa, lamba kawai yake tunawa. Wuta ta tafi bayan ya ɗauki sabon baki amma kafin ya rubuta lambarsa, don haka ya farka da tsohon lissafi. Duk lokacin da canji ya katse, ko da maɓallin tsayawar gaggawa ne, ga abin yi: ka cire holdar da hannu, ka mayar da injin gida, wato wurin da yake fara awo daga gare shi, ka gyara lambar bakin da allo ke nunawa ta dace da abin da ke cikin sifindil, ka tabbatar gurbin wannan lambar babu komai, sannan ka gwada M6, wato umarnin canza baki, da ƙaramin gudu, yatsanka na kan maɓallin tsayawa. Ka sake auna tsawon bakin kafin ka taɓa katako. Ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, a kan akwatin kwamfutar kaɗai yana rage irin wannan.

Tambaya: Maƙalan roba na karyewa min duk wata, na gaji da saye. Daga wata mai shagon kayan ɗaki a Abuja.

Amsa: Hajiya, maƙalin an yi shi da roba ne da gangan, don ya karye maimakon sifindil. Amma karyewa duk wata na nufin holda na shiga a karkace. Matsayin kowane gurbi ana auna shi ne daga gidan injin, don haka idan garin katako ya rufe makunnin da ke shaida wa injin ya iso gida ko ya ɗan goce, duk gurabun sun goce tare. A share shi, a ɗaure kusoshin jeren, sannan a sa ma'aikacinki ya matsa da sifindil a hankali zuwa kowane gurbi ya ga ko tsagin holda ya yi daidai da leɓen maƙali. Idan ana jin "ƙwas" ko maƙalin na lanƙwasa sama ko ƙasa, tsayin Z, wato hawa da saukar sifindil, ne ke son gyara. A ɗauki hoton tsofaffin lambobin kafin a canza ko ɗaya.

Tambaya: Na sayo holda BT30 don ta fi araha, ta shiga ramin amma injin ya ƙi ta. Kuma tsohuwar tana maƙalewa da safe.

Amsa: BT30 da ISO30 tsininsu iri ɗaya ne, shi ya ruɗe ka, amma wuyansu da ƙusar sama sun bambanta. Ka mayar da ita. Maƙalewar safe kuwa, kana barin holda mai zafi ta kwana a ciki ne. Idan an tashi aiki a cire ta, a goge ramin, a sa wata mai tsabta da ta huce don kada ƙura ta shiga.