Tramadol da diazepam: munsharin da ke tayar da hankali

Tambaya: Likita, an rubuta wa maigidana tramadol saboda ciwon baya. Wani mai sayar da magani ya ƙara masa diazepam wai don ya samu barci. Yanzu da daddare yana wani irin munshari mai gurnani, sai na jijjiga shi sosai kafin ya farka. 'Yan'uwansa sun ce in ƙyale shi, gajiya ce ke fita. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, kina da gaskiya. A ƙwaƙwalwa da laka tramadol ke aiki. Hanta tana juya shi zuwa wani sinadari da ke kama makarɓan (wuraren da magani ke maƙalewa a jijiyoyi) da mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, ke kamawa, kuma akwai irinsu a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake ba huhu umarnin jan numfashi. Diazepam kuwa ta hanyar GABA, sinadarin da ke lafar da aikin ƙwaƙwalwa, yake ƙara danne ƙwaƙwalwar. Shi ya sa tun 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta sa gargaɗi mafi tsanani kan haɗa su.

Wannan magana ta "a bar shi ya huta" na gaji da jin ta. Kullum sai an kawo mutum da safe jiki ya yi sanyi, dangi na cewa ai jiya lafiya lau yake ta munshari. Munsharin nan maƙogwaro ne ya saki, iska na kokawar wucewa. Mai barcin gajiya in kin taɓa shi zai juya, har ya yi tsaki. Wanda magani ya danne sai ki ga ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, leɓe ya yi toka-toka, numfashi bai kai goma a minti ba, yana yi yana tsayawa. Watsa ruwa ba ya tayar da shi, ɗura masa abu a baki kuwa huhu zai wuce. Shi kuma mai sayar da maganin, da ya karɓi kuɗinsa ya gama da ku.

In kin ga haka, ki kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti da kwalayen magungunan. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin irin waɗannan magungunan kashe ciwo, amma ba ta warware tramadol duka, kuma ƙarfinta kan ƙare kafin nasa, don haka ko ya farka kada a yi gaggawar komawa gida.

Yau ɗin nan ku koma wurin likitan da ya rubuta tramadol. Idan maigidanki ya jima yana shan diazepam, kada ya yanke lokaci guda, yana iya jawo farfaɗiya, likita ne zai riƙa rage masa a hankali.