Na zuba wa jan-baki guba, wasu tsuntsaye suka mutu: ina da laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni manomin shinkafa ne a fadamar Haɗeja. Bana jan-baki ya matsa mana tun shinkafa na fidda kai, sai na cuɗa tsaba da maganin ƙwari mai suna Furadan na watsa a bakin kududdufin da suke sauka shan ruwa. Da safe na tarar da su birjik, amma har da balbela da kirinjijiya da shirwa biyu. Yara suka tsince masu sauran motsi suka yanka, suka kai wa masu suya a kasuwa. Wani malami ya ce mini ba komai, tunda ba su na nufa ba, ayyuka kuma da niyya suke. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Wanda ya taɓa ganin garken jan-baki ya sauko kamar hadari a kan gonar da aka ci bashi aka noma, ba zai yi maka gaggawar hukunci ba. Kare amfanin gona daga tsuntsun da ke cinye shi halal ne, ko da ta kai ga kisa idan kora ta gaza. Wannan ba a saɓa a kansa ba.

Inda maganarka ta canza shi ne kududdufin nan. Ba a gonarka ka sa gubar ba, a mashaya ka sa, kuma mashaya ba ta jan-baki kaɗai ba ce. Furadan ba ya tantancewa. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ƙaramin tsuntsu, wanda ya ci gawarsa ma ya bi shi. Shirwar da ka gani ba tsaba take ci ba, tsuntsayen da suka faɗi ta ɗauka. Bayanta akwai kare, akwai ungulu, akwai awakin makiyayin da zai bi ta nan da rana. Saboda irin wannan haɗari Tarayyar Turai ta hana maganin a 2008. Don haka abin da ka yi bai halatta ba, ka tuba, kada ka sake.

Amma fatawar da aka ba ka, da girmamawa ga mai ita, an ɗora hadisi ne a inda ba muhallinsa ba. Niyya tana raba ibada da al'ada, tana kuma ƙara lada ko ta rage, amma ba ta mayar da ɓarna ta zama ba ɓarna ba. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, dabbar wani ta faɗa, zai biya, alhali ruwa ya nufa. Dalili kuwa, ya san hanya ce. Kai ma ka san wanda ke sauka a ruwan nan, kullum kana ganinsu. Abin da mutum ya san aikinsa zai haifar a bisa al'ada, ba ya fita daga wuyansa don ya ce zuciyarsa na wani wuri. Mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta ta fi kowa riƙo da toshe kafar ɓarna.

Ga kuma nassi da ya yi daidai da kai. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Annabi da tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwar duka, sai Allah ya yi masa wahayi yana zarginsa: me ya hana ka tsaya ga tururuwa ɗaya? Shi an cutar da shi da gaske, kuma jinsi ɗaya ne da wadda ta yi cizon, duk da haka ba a bar shi ba. To ina ga balbela, wadda fara da ƙwari take tsince maka a gona? Idan aka ce ai shirwa tana cikin dabbobi biyar da aka yi izinin kashewa, sai mu ce haka ne, kuma ba a kanta nake tuhumarka ba. Izini a kan biyar bai zama izini a kan duk mai fukafuki ba. Idan kuma aka kawo lalura, ita lalura gwargwadonta ake ɗauka, kuma ban ji ka ce ka gwada raga ta gaza ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ka faɗa a wuce: yaran da suka kai kasuwa. Wanda ya mutu da gubar mushe ne, magana ta ƙare. Wanda aka yanka da sauran rai kuwa, ko an ce yankan ya inganta, cinsa haram ne saboda cutar da ke jikinsa, sayar da shi ba tare da bayani ba kuma ha'inci ne a kan haram. Wuƙa ba ta zare guba, man suya ma ba abin dogaro ba ne. Yau ɗin nan ka je wurin masu suyar ka gaya musu, a mayar musu da kuɗinsu, abin da ya rage a binne shi da zurfi. Wanda ya ci ya ji amai, ko dalalar miyau, ko numfashi na sarƙewa, a kai shi asibiti a faɗi sunan maganin, kada a tsaya ba shi madara ko manja. Yaran da suka taɓa da hannu su ma a lura da su. Idan na ƙasa da balaga ne, nauyin yana kanka.

Ka kwashe ragowar tsabar daga bakin ruwan, ka sanar da mai unguwa da makiyayan da ke shayarwa a wurin. Na san da kunya, amma ta fi biyan saniya sauƙi, don idan dabbar wani ta mutu ta wannan hanya, biyanta wajibi ne a kanka. Tsuntsayen daji ba su da kaffara, istigfari ne.

Baɗi in Allah ya kai mu, ku haɗa kai da maƙwabtan gona ku yi shuka lokaci ɗaya don kada tsuntsu ya taru a kan mutum guda, ku sare kacalar da yake kwana a ciki, ku kai rahoton makwancinsa ga malamin gona da wuri. Wanda kuka kama da raga kuka yanka, halal ne, ku ci ku sayar.

Wallahu a'alam.